Layin da Na Ja Zuwa Rabig

Tun da na dawo ban ƙara shan shayi a Nuzla, unguwarmu a nan Jidda, cikin natsuwa ba. Da na zauna sai wani ya jawo kujera ya ce, "Lawali, wai da gaske ka tuƙa jirgin ruwa?" Labarin har ya fara girma a bakin mutane, don na ji ana cewa wani ƙaton kifi ya bi mu yini guda. 'Yan'uwa na Maradi su ma sun cika mini waya da saƙon murya. To ga yadda abin ya faru, in faɗa sau ɗaya in huta. Ban tuƙa jirgi ba. Hanya na zana masa a cikin waya, ita ma ta rabin yini.

Ni tela ne, amma ba na riguna ba. Shagon da nake aiki yana bayan Bab Makka, muna ɗinka tamfol da rumfunan mota da katifun zama na falo. Wata rana wani matashi ya shigo yana jan buhu mai nauyi. Sunansa Haisam, injiniya ne, haifaffen unguwar Ruwais. Kakansa Bahaushe ne da ya zo aikin hajji da ƙafa ya zauna. Haisam yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ta kakkarye masa ya cike da Larabci.

Ya kira ni da Ammi, wato baffa, ya ce, "Ammi, wannan shira'a ya yage. Kai iya gyara?"

Shira'a shi ne babban ƙyallen nan da ake ɗaga wa jirgi iska ta tura shi. Ban taɓa ɗinka irinsa ba, amma na karɓa. Sai da muka fitar da shi titi bayan sallar asuba kafin mu iya shimfiɗa shi duka. Da ya zo karɓa ya ga ɗinkin, ya gaya mini an mai da shi aiki Yanbu'u, yana son ya kai jirginsa can ta ruwa, kuma shira'ar ta tsufa, zai so a ce mai allura yana ciki. Na ce ni ruwan da na sani shi ne tafkin Madarunfa, shi ma daga baki nake kallonsa. Ya yi dariya ya ce, "Yalla, ya Ammi, mako ɗaya bas."

Kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, bai hana ba, ya dai ce kada in dawo masa da ciwon baya. Matata Zuwaira ce ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Duk da haka ita ta ɗaure mini kilishi da yaji da garin danwake, ko da yake ban san inda ta zaci zan dafa danwake a teku ba.

Na ukunmu shi ne Rayyis Bashir. Rayyis a wajensu shi ne shugaban jirgi. Dattijo ne cikin Hausawan Sudan, ya girma a bakin teku, ya yi shekaru yana kai jiragen masu kuɗi daga wannan gari zuwa wancan. Ana gobe za mu tashi ya kira mu gidansa bayan la'asar. Aka kawo shayi mai na'ana'a, ya ture faranti gefe ya ajiye wata waya mai faɗin allo, wadda suke kira tabulet.

"Tela, matso," in ji shi. "Duk wanda zai hau jirgina sai ya san inda muke. Ba na ɗaukar kaya mai numfashi."

Ya buɗe wata manhaja. Taswira ce, amma ba irin ta mota ba. Ƙasa rawaya ce fayau, ba titi ba unguwa, duk rubutun yana cikin ruwa. Inda ya yi fari, ruwa ne mai zurfi. Inda ya yi shuɗi, zurfin ya ragu. Kore kuwa wuri ne da dutse yake kusan leƙowa. Ƙananan lambobi a warwatse su ne zurfin kowane wuri, sai wasu 'yan alamomi kamar an gicciya tsinke biyu, su ne duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa, waɗanda suke kira shi'ib. Ya ce jirgin Haisam yana da wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa wanda ya fi tsawon mutum, in ya daki shi'ib, tafiya ta ƙare.

Ya kama yatsana ya ɗora a bakin mashigar Abhur, inda jirgin yake, ya ce in danna in riƙe. Ɗigo ya fito. Ya sa na yi wani can gaba. Manhajar ta haɗa su da layi, ta rubuta nisa, da fuskar da za a dosa, da lokacin da za a isa. Na ce ashe abin ba wuya.

"Yanzu ka fara," in ji Rayyis. "Buɗe taswirar da yatsu biyu, ka bi layin nan tun daga farko."

Na buɗe na bi. Ban yi nisa ba sai ga 'yan gicciye-gicciyen nan sun fito a kan layin nawa, a wurin da ɗazu fari ne tas. Ya ce haka take. In ka tsuke ta don ka ga nesa, sai ta ɓoye ƙananan duwatsu don kada allon ya cika. Saboda haka duk layin da ka ja, sai ka bi shi kusa-kusa, kamar yadda nake bin ɗinki in duba inda keke ya tsallake. Inda ka ga dutse ka ƙara ɗigo, ka karkata layin. Muka yi ta yi har magariba, shi da Haisam suna gardamar inda za mu riƙa kwana. Kafin mu tashi ya sa Haisam ya sauke taswirorin duka a cikin tabulet ɗin da cikin wayarsa, don in an yi nisa da gaɓa ba sabis.

Da safe muka je Abhur. Abin da ya fara ba ni mamaki, sai da aka sa na cire takalmi kafin in hau, kamar zan shiga masallaci. A bakin mashiga akwai ofishin jami'an tsaron gaɓa, ba mai fita teku sai ya tsaya can. Suka karɓi iƙamata, wato katina na zaman ƙasa, da takardun jirgi, suka kirga rigunan ceto, suka tambayi inda za mu da ranar isa. Jami'in ya dubi sana'ar da ke jikin iƙamata ya dube ni.

"Khayyaɗ? Tela a teku?"

Haisam ya nuna masa facin da ke jikin shira'a. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini katina ya ce Allah ya tsare. A iyakar Ɗan Isa, inda na saba tsallakawa a gida, ba a taɓa yi mini tambaya cikin sauƙi haka ba.

Muna fita daga mashigar ruwan ya canza hali. Aka kashe inji, aka ɗaga shira'a, jirgin ya kwanta gefe guda ya fara gudu shiru. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu na ce ai za mu kife. Rayyis ya ce haka yake tafiya. Kafin azahar na amayar da ful da tamis ɗin da na karya da su, da na jiya ma. Haisam ya ba ni busasshen biskit, ya ce in daina kallon ƙafafuna in kalli inda sama ta haɗu da ruwa.

Da na ɗan farfaɗo na lura ba layin da muka ja muke bi ba. A allon akwai ɗan hoton jirgi yana tafiya, yana barin sawu a bayansa, kuma sawun ya nufi tsakiyar teku, alhali Yanbu'u tana arewa. Na ce, "Rayyis, mun ɓata." Ya ce iska daga arewa take zuwa, jirgin iska kuwa ba ya shiga idon iska kai tsaye. Sai a yi hagu a jima, a juyo dama a jima, ana ɗan ƙaruwa gaba. Kowane juyi sai an saki igiya ta wannan gefe, an naɗe ta wancan a jikin wani ƙarfe mai kama da turmi, winshi. Aikina ya zama in riƙe tabulet a inuwa, in faɗa musu in mun kusa shuɗi don su juya.

Kwanan jirgi sai wanda ya yi. Kafin rana ta yi ƙasa muke shiga bayan wani shi'ib mu jefa anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, don Rayyis ba ya yarda ya kusanci dutse sai da hasken da zai ga launin ruwa da idonsa. Gadona wani lungu ne a hancin jirgi, in na juya kafaɗata ta daki katako. Ruwan daɗi na sha ne da girki kawai, alwala da ruwan teku muke yi, gemuna ya yi fari da gishiri. Banɗakin ma sai an koya maka, akwai famfon da za ka yi ta bugawa da hannu. Ranar farko na juya wani maɓalli ba daidai ba, ruwa ya taso har idon sawu, Haisam ya kwashe da bokiti yana cewa, "Ma'alesh, ma'alesh," yana dariya. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya, don jirgin yana juyawa a kan angarsa. Ka tayar da salla kana fuskantar Makka, ka sallame kana kallon Sudan. Rayyis ya ce niyyar farko ta wadatar.

Washegari wasu masunta 'yan Yaman suka matso da ƙaramin jirginsu suna neman ruwan sanyi. Muka ba su, suka jefo mana jan kifi biyu da suke kira najil. Na miƙa musu kilishi. Babbansu ya jujjuya shi, ya shinshina, ya gutsura, sai ga hawaye. Ya sha ruwa ya ce a ƙara masa. Rayyis ya dafa kifin da shinkafa da soyayyiyar albasa, na barbaɗa yajin Zuwaira, ranar ce na fara cin abinci ya zauna.

A rana ta uku abin ya faru. Bayan azahar iska ta ƙaru, kamar yadda take yi kullum a wannan tekun, amma ta ranar ta fi. Muka zo juyi, igiyar shira'ar gaba ta hau kan 'yar'uwarta a jikin winshi ta cije. Rayyis ya sa hannu zai warware, iska ta bugo, igiyar ta ja. Ban ji ya yi ihu ba, na dai ji ya ce, "Ya Laɗif." Da ya zaro hannun, ɗan yatsansa na kusa da ƙarami ya murƙushe daga gaɓar sama, jini yana zuba a kan katako.

Na ajiye tabulet a kan benci na ruga na ɗauko akwatin magani. Na naɗe yatsan na matse, na ɗaga hannun sama. Bandejin ya jiƙe, na ƙara wani, shi ma ya jiƙe. A nan Rayyis ya gaya mana yana shan maganin tsinka jini saboda zuciyarsa. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi yana keto masa. Muka kwantar da shi a ƙasan wurin zama, na yanka sabon ƙyalle daga kayan ɗinkina na ɗaure masa hannun a jikin ƙarfe don ya tsaya a sama.

Haisam ya yanke igiyar da wuƙa, ya naɗe shira'ar gaba, ya tayar da inji. Ya kira jami'an gaɓa ta rediyo, suka ce gari mafi kusa shi ne Rabig, za su sa motar asibiti ta jira mu a bakin ruwa. Igiyoyin ruwa suna dukan jirgin, ba zai iya sakin sitiyari ko na ɗan lokaci ba.

"Ammi Lawali," ya ce, "kharita, taswira. Kai yi hanya zuwa Rabig. Ni ba iya saki."

Na ɗauko tabulet, allon baƙi ƙirin, sai wani rubutu da ke cewa ya yi zafi. Rana ta gasa shi a inda na ajiye. Na zaro wayar Haisam daga aljihunsa yana tuƙi, ya faɗa mini lambar buɗewa. Allon ƙarami ne, yatsuna kuma da jini da ruwan gishiri, in na taɓa nan sai ya buɗe can. Na cire hulata na goge hannu da allon da cikinta.

Na sa ɗigo a inda ɗan hoton jirginmu yake. Na nemo Rabig na sa wani a bakin mashigarta. Layi ya fito, manhajar ta ce za mu isa da sauran rana. Na karanta wa Haisam lambar fuskar, ya juya jirgin gabas. Iska ta koma gefenmu, jirgin ya miƙe da gudun da bai taɓa yi ba tun fitowarmu.

Sannan na zauna a ƙasa kusa da Rayyis, na buɗe taswirar na fara bin layin. Sau biyu ina ɓatar da wurin ina sake farawa. Fari, fari, fari. Wajen tsakiyar hanya sai shuɗi ya fito, na ƙara buɗewa, ga kore da gicciye-gicciye a jere, layina ya ratsa ta tsakiyarsu.

Na ce, "Haisam, akwai shi'ib a gabanmu."

"Nesa?"

"Da saura, amma a kan hanya yake sosai."

Ana iya kewaye shi ta arewa ko ta kudu. Ta arewa ta fi kusa, amma wata 'yar siririyar hanya ce tsakanin kore biyu. Ta kudu ta fi nisa. Na dubi ƙyallen da ke hannun Rayyis, ya sake rinewa. Na sunkuya na gaya masa abin da na gani. Bai buɗe ido ba.

"Ina ya fi fari?"

"Kudu, Rayyis. Amma zai ƙara mana lokaci, kuma jinin bai tsaya ba."

"Bi fari. Ka ba dutsen fili sosai, taswirar nan takan yi kuskure a wannan yankin. In kuka hau dutse, ba ni kaɗai zan kwana a nan ba."

Na sa sabon ɗigo a kudu da shi'ib ɗin, cikin fari, na ƙara ja da shi nesa fiye da yadda raina yake so. Na sake bin sabon layin daga farko har bakin Rabig, ba komai a kansa. Na ba Haisam sabuwar lamba. Daga nan aikina ya zama biyu: hannu ɗaya yana matse yatsan Rayyis, ɗaya yana riƙe da waya, ina cewa, "Ka yi dama kaɗan. Ya isa. Ka koma hagu." Rayyis yana ta salati a hankali, in ya yi shiru sai in kira sunansa.

Rana tana bayanmu, saboda haka muka ga shi'ib ɗin da ido sa'ad da muka zo daidai da shi. Ruwan ya tashi daga shuɗi mai duhu ya koma kore mai haske, can ciki ruwan ƙasa-ƙasa, kumfa tana fashewa a kai. Ya miƙo kudu fiye da yadda aka zana shi, har muna iya ganin kawunan duwatsun a hagunmu. Haisam ya kalle shi, ya kalle ni.

Jirgin jami'an gaɓa ya tarye mu kafin mashiga ya shige gaba muka bi shi. Motar asibiti tana jira. Aka ɗauki Rayyis, Haisam ya bi su, aka bar ni da jirgi da jami'i ɗaya da ya rubuta bayanina ya ba ni ruwa. Da ya tafi na ɗebi ruwan teku da bokiti na wanke katakon.

Ina cikin wankin na ji an ce, "Sannu da aiki, baƙo." Wani mutum ne dogo da rigar leda, Adamu, Bahaushen Chadi, yana gyaran kifi a kasuwar bakin ruwa. Ya ji ina magana ni kaɗai da Hausa ne ya tsaya. Bai tambaye ni komai ba sai da ya kawo mini shinkafa da kifi a faranti. Ya ce ba zan kwana a jirgi ni kaɗai ba, ya kai ni ɗakin da suke haya su huɗu a saman wani shagon taya. Suka ba ni katifar wanda yake aikin dare. Na kwanta, ɗakin yana ta lilo da ni, har na riƙe bango. Da safe suka yi ta yi mini tambayar farashin gero a Maradi, kamar jiya na baro ta.

Da hantsi na je asibiti. An tsayar da jinin, an ƙara masa wani, amma gaɓar saman yatsan ba ta gyaru ba, an cire ta. Na same shi zaune yana faɗa da Haisam a kan igiyar da ya yanke, wai sabuwa ce. Da ya gan ni ya ce in ba shi wayar Haisam da ta kwana a wajena ya ga layin da na ja. Ya buɗe da hannun hagu ya bi shi a hankali har ƙarshe. Ya ce ɗigon ƙarshe ya matsa kusa da bakin mashiga da yawa, nan gaba in ja shi baya. Sannan ya tambaya ko kilishin ya ƙare.

Yanbu'u dai ban gan ta ba. Aka bar jirgin a Rabig, Haisam ya sa ni a motar haya zuwa Jidda. Tafiyar da ta ci mana kwanaki a ruwa, na yi ta tsakanin azahar da la'asar, har da tsayawa shan mai. Zuwaira ta buɗe ƙofa ta ga fuskata ta ƙone, ga hula da tabon jini. Sai da ta tabbatar ba nawa ba ne sannan ta fara faɗa. Garin danwakenta na dawo mata da shi yadda ta ɗaure.

Bayan 'yan makonni ina kan keke a shago sai ga Rayyis Bashir, an cire masa bandeji. Ya zauna a kan katifar wani mai oda, ya fito da safar hannu ta fata, irin wadda suke sawa don jan igiya. Ya sa ta, yatsa ɗaya yana reto, rabinsa ba kowa a ciki.

"Tela, wannan zai maƙale mini a winshi. Rage shi."

Na ce, "Rayyis, wai komawa za ka yi?"

"Jirgin mutane yana Rabig, ni na ce zan kai shi Yanbu'u."

Na jawo kujera kusa da shi, na ɗauko alli da tef. Ya shimfiɗa hannun a kan teburin yanka, na auna yatsan a hankali, don bakin bai gama warkewa ba.